Kafin Mu Saida Takubban Kakanninmu

Yau maganarmu a kan wani ciniki ce da ke gudana shiru-shiru cikin ƙauyukanmu. Ba a tsakar kasuwa ake yin shi ba, a zaure ake ƙulla shi ko a bayan rumbu. Cinikin tsofaffin takubba ne da wuƙaƙe da addunan yaƙi, waɗanda suka ci tsatsa, wasu suka karye, wasu gara ta cinye kubensu.

Masu sayen iri biyu ne, kuma kowa ya san su. Akwai ɗan gwangwan mai yawo da buhu da sikeli. Shi ba ruwanshi da ko takobi ne ko tsohuwar garma, kilo yake aunawa, kuma abin da ya saya narka shi za a yi ya koma rodin gini. Sannan akwai na biyu, mai tsabtar riga da sallama cikin ladabi, wanda bayan an gaisa sai ya sassauta murya ya ce: "Baba, ba ku da irin kayan nan na mutanen da?" Wannan ba ya auna kilo. Juya ƙarfen yake yi, ya kai shi hasken rana, ya ƙura ma gindin ruwan wuƙar ido, ya ɗauki hoto da salula ya tura ma wani da ba mu sani ba. In ya ga mariƙin ya fashe ko tsinin ya karye, ba ya damuwa. Ya ma fi so, don da wannan aibin ne zai karya farashi.

To, mene ne cikin tsohon ƙarfe da har mutum zai ƙona mai ya shigo mana lungu saboda shi? Sai mun san abin da ke hannunmu sannan za mu gane.

Ƙasar nan da muke noma, tsakanin Maraɗi da iyakar Katsina, hanyar mayaƙa ce a ƙarni na 19. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautar Katsinawa ya yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Daga nan ba a huta ba. A 1836 aka gwabza a Gawakuke da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tibiri. Sai zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi ta kai yaƙi kudu, sannan daga baya Ƙaura Hasau da sunanshi bai ɓace daga bakin tsofaffi ba har yau. Dawakin da ke zuwa da masu dawowa, ta cikin dazuzzuka da fadamun yankin nan suke bi. Ke nan ba abin mamaki ba ne a tarar da takobi ko wuƙar hannu ko kan mashi rataye a ɗakin wani tsoho, ko garma ta tono shi a gona.

Waɗannan takubba su ma suna da doguwar tafiya a bayansu. Da yawa daga cikin masu kyau, ba a nan aka ƙera ruwansu ba. Daga Turai suke, musamman garin Solingen na ƙasar Jamus, a sauke su Tarabulus, ayari ya ratso Sahara da su bisa raƙuma. Baturen nan ɗan yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ya kira kanshi Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Katsina ya isa Kano a farkon 1851, kuma ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa Kano kowace shekara. Tsirara suke zuwa. Maƙeranmu ke yi masu mariƙi, dukawanmu su ɗinka kube, su yi mashi ado da jar fata da koriya. Tambarin nan na jinjirin wata biyu masu fuskar mutum da ake gani bisa wasu takubba, asalinshi daga can ne, daga baya maƙeran gida su ma suka riƙa buga irinshi a kan nasu. Kun ga ashe takobi guda yana iya ɗauke da aikin Bajamushe, da wahalar ɗan ayari, da hannun maƙerin Kano ko na Maraɗi, da jinin wanda ya riƙe shi.

Kashi na biyu su ne kayan zamanin Nasara. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, ta zo ta ƙare a wajen Maijirgi kusa da Tasawa, inda sojansu suka juya masu baya suka kashe su. Daga wannan lokaci bindigar Faransa da wuƙar da ake cusawa a bakinta, wato banati, suka shigo ƙasar nan. Wata irin banati ta bindigar Gras, ƙirar 1874, tana da rubutu a gadon bayanta: sunan masana'antar da ta ƙera ta, da wata, da shekara. Akwai kuma ta bindigar Lebel, ƙirar 1886, doguwa siririya kamar tsinke, mai kusurwa huɗu.

Sai kuma addar da aka fi sani, kup-kup, wadda Faransa ta raba ma sojanta baƙar fata, waɗanda take kira sojan Senegal ko da kuwa daga Maraɗi ko Damagaram aka ɗauko mutum. Akwai ƙirar 1916 da ta yi suna. Ɗiyan ƙasar nan sun je yaƙin 1914 zuwa 1918, sun je yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945, sun je Indoshin, sun je Aljeriya. Marigayi Janar Seyni Kunce kanshi ya yi aikin soja a Indoshin da Aljeriya kafin ƙasar nan ta kafa tata runduna. Ƴan uwanmu na tsallaken iyaka kuwa, Ingila ta kwashe su zuwa yaƙin Bama, suka yi ta saran daji da adda don buɗe hanya. Waɗanda Allah ya maido, wasu sun dawo da lambar girma da littafin soja, wasu da wuƙa ko adda a ƙasan akwati. Kuma mun san irin sakayyar da aka yi masu: dokar 1959 ta daskarar da kuɗin fanshonsu, ba a daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa ba sai a 2011, lokacin da mafi yawansu suna cikin ƙasa. A gidaje da yawa, wannan guntun ƙarfe shi ne kaɗai shaidar da ta rage cewa tsohon ya taɓa barin gida ya je ya ga wuta.

A can Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, tara makaman yaƙin da. Wani wuƙar sojan Amurka ta Ka-Bar yake bi, wani ta sojan Ingila, wani kuma takubban Sahara da ƙasar Hausa. Suna da kasuwanninsu da gwanjonsu a intanet, suna da littattafan da ke bayanin kowane tambari. A cikinsu akwai waɗanda suka ƙware wajen sayen lalatacciya da araha, su zauna su lallaɓa ta wata da watanni, sannan su rataye a bango ko su saida da riba. Wanda ke zuwa zaurenmu shi ne matakin farko na dogon tsani. Daga hannunshi kayan su je birni, shagunan da ke saida ma baƙi kayan gargajiya, daga nan su haye teku. Kowane mataki kuɗin hawa yake, mai matakin ƙasa shi ke samun mafi ƙanƙanta, mu ke nan.

Amma ga abin da ba a cika gaya mana ba. Waɗannan masu tarawa, abu biyu suke biya: tsufan ƙarfen, da labarinshi. Wuƙar da aka bar ta da baƙin jikinta da tambarinta ta fi wadda aka goge tana walƙiya daraja nesa ba kusa ba. Wadda kuma aka san sunan mai ita, da inda ya je da ita, ta fi duka. Mu kuwa a nan, abu biyun nan su ne muke fara zubarwa. Mu goge tsufan da injin washi, mu miƙa ƙarfen ba tare da labarin ba.

Bari mu ba ku abin da muka gani da idonmu a wani ƙauye nan kusa, ba za mu faɗi suna ba. Wata tsohuwa ce, mijinta ya yi yaƙin Indoshin, ya daɗe da rasuwa. Addarshi na ƙarƙashin gadonta shekara da shekaru, naɗe cikin tsumma tare da littafinshi na soja. Da hatsi ya ƙare a rumbu tun kafin damina ta yi nisa, sai jikanta ya tuna wani mai saye ya taɓa tayawa. Yaron nan ba mugu ba ne, so yake ya samo ma gida abin sawa a tukunya. A tunaninshi in ta yi kyau za ta fi kuɗi, sai ya kai ta wajen mai injin washi ranar kasuwa. Cikin ƴan mintoci aka fito da ita fes, kamar yau aka ƙera ta, aka kuma cire tsohon mariƙin da ya tsage aka sa sabon icce.

Muna zaune ya kawo ta, yana murna. Tsohuwar ta karɓa, ta juya, ta shafa bakin da yatsa tun daga gindi har tsini. Sai ta ce: "Ɗan nan, ina giɓin?" Ya ce: "Inna, ai shi aka gyara." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: "A nan Malam ke ɗora yatsa in zai ba ubanka labarin ranar da suka ƙetare ruwa da dare. Wannan kam ban san ta ba." Ta miƙa mashi, ba ta ƙara cewa komai ba. Da mai sayen ya dawo kuwa, ya duba gindin bai ga rubutu ba, sai ya ce irin wannan ai a kowace kasuwa akwai ta, ya taya kuɗin sabuwar adda. Garin neman gira aka rasa ido. Ba a samu kuɗin ba, ba a tsira da addar ba.

Wani abin dariya mai ban haushi shi ne, a daidai lokacin da wani ke biyan kuɗi a goge mashi tsatsar gaskiya, wani can yana wahalar ƙirƙiro ta ƙarya. A ƙera takobi da sifirin mota, a shafe shi da gishiri, a turbuɗe cikin danshi na ɗan lokaci, a tono, a kyafe kuben da hayaƙi, a kai ma baƙo a ce na zamanin Ɗan Baskore ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa abin da muke ƙyama a jikin ƙarfen, shi ne abin da ake nema.

Kada a ce muna hana gyara. Gyaran makami tsohuwar sana'armu ce. Takobin da ya yi shekara ɗari yana aiki, an sake mashi kube ba sau ɗaya ba, an ɗaure mariƙinshi, an wasa bakinshi. Amma wancan gyara ne na abin da za a fita da shi gobe. Wanda ya gama aikinshi ya zama abin tunawa, gyaranshi daban ne. Mun zauna da wani dattijon maƙeri da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, muka ce: "Baba, in aka kawo maka irin wannan, ya kake yi?" Ya yi dariya ya ce: "Ku yaran yanzu komai sai kun ga fuskarku a ciki. Tsoho ai ba a maida shi yaro, jinya ake yi mashi." Abin da ya gaya mana ya zo daidai da abin da masu aikin adana kaya a gidajen tarihi ke faɗi, ga shi nan a taƙaice don amfanin kowa.

Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja, mai garin da ke manne ma hannu, wannan tana raye, cin ƙarfen take yi, ita ce abokiyar gaba. Akwai kuma baƙi-baƙin nan mai santsi da ya zauna a jikin ƙarfe, wannan rigar tsufa ce, tana ma kare shi, a bar ta. Ita jar, a ɗiga mata man keken ɗinki, a bari ya kwana biyu ya ratsa, sannan a kankare a hankali da tsinken icce ko soson ƙarfe mafi laushi, a share da tsumma mai tsabta, a sake. Aikin haƙuri ne, ba na yini guda ba. Kada a kusanto da injin washi ko magagari, don su ke cinye rubutu da tambari, kuma abin da suka ci ba ya dawowa. Kada a jiƙa da ruwan batir, ko lemun tsami, ko tsamiya, suna fito da ƙarfe fari amma suna bar mashi ramuka, tsatsar kuma ta dawo da ƙarfinta. Kada a sa a wuta don a miƙar da lanƙwasa, wuta na kashe taurin da maƙerin farko ya ba shi. Man gyaɗa da man shanu su ma a bar su a madafa, daɗewa suke su yi danƙo su tara ƙura.

In wuƙa ta maƙale cikin kube, kada a fizge da ƙarfi, kuben ne zai yage, shi kuwa sau da yawa ya fi ƙarfen wuyar samu. In ta fito, a ajiye ta gefen kuben, kada a maida ta ciki ta yi shekaru, don fata na riƙe danshi. A nisanta su da ƙasa da jikin bango saboda gara da raɓar damina. In an taɓa ruwan wuƙar da hannu a share, gumi ma na haifar da tsatsa. Mariƙin da ya tsage a ɗaure shi da zare ko tsirkiyar fata, ta yadda za a iya kwancewa. In dole sai an yi sabo, a adana tsohon, kuma duk wanda ya tambaya a gaya mashi gaskiya cewa wannan sabo ne. Guntun da ya karye kada a yar, a ƙulle shi tare da uwar. Giɓi da lanƙwasa kuwa, a bar su inda suke.

Sai dai gyaran da ya fi duk waɗannan gaggawa ba ya buƙatar mai ko soso. Shi ne a je wajen tsohon da ya san labarin tun yana numfashi. Ƙarfe zai iya jiran baɗi, tsoho ba shi da tabbas. Kowane gida yanzu akwai salula mai ɗaukar murya. A zauna da kaka, a ɗora mata abin a cinya, a tambaye ta: na wane ne, ɗan wa, wace shekara ko zamanin wane sarki, ina ya je da shi, wa ya ba shi, me ya sa wannan giɓi? A ɗauki hoton gaba da baya, da na tambarin kusa-kusa. A sa ɗan lakwal ko almajiri ya rubuta a takarda, da boko ko da ajami, a naɗe tare da ƙarfen. Aikin awa guda ne, amma shi ke raba kayan tarihi da kayan gwangwan.

Mun san wani zai ce, ku kuna maganar tarihi, mu muna maganar tuwon dare. Gaskiya ne, kuma ba mu da bakin zargin wanda yunwa ta sa ya saida abin da ya gada. Shekarun nan yankinmu ya sha wuya. Ɓarayin daji sun kore dabbobi, sun ɗauki mutane sai an biya kuɗin fansa, akwai gonakin da ke bakin dajin Baban Rafi da masu su ke shiga da fargaba, akwai gidajen da suka tashi cikin dare da abin da hannu ya iya ɗauka. Wanda aka ce ya kawo kuɗi a sako ɗanshi, ko rigar jikinshi zai saida, balle takobi. Abin da muke cewa shi ne, in ta kama dole, a saida da ido buɗe. Kada a karɓi tayin farko, kada a goge kafin a nuna, a riƙe hoto da labarin a gida, a kuma rubuta wanda ya saya da inda ya ce zai kai.

Kuma a tuna kayan gado ne. Takobin kaka ba na wanda ɗakinshi ya faɗo ba ne shi kaɗai, akwai haƙƙin sauran magada, har da mata da waɗanda ke ci-rani. Mun ga zumunci ya yi tsami a kan haka: ɗan uwa ya dawo daga tafiya ya tarar da ƙusa a bango babu abin da ke rataye, daga nan gaisuwa ta koma ta nesa-nesa. Kuɗin an cinye su cikin sati, maganar kuwa har yau ba ta mutu ba.

Akwai kuma doka. Ƙasarmu na da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi kare kayan tarihi da al'adu, kuma fitar da irin waɗannan kaya waje sai da izinin hukuma. Ba a banza aka yi ta ba. A yammacin ƙasar nan, wurin da ake kira Bura, an gano tsofaffin tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, masana suka yi tono a 1983, bayan nan masu haƙa ta bayan fage suka afka ma yankin, kayan suka watsu kasuwannin duniya, har aka sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. Mutanen wurin sun samu na cefanen ƴan kwanaki, tarihin ya tafi. Ban da wannan, a halin tsaron da ake ciki, matashin da aka tare a hanya da damin wuƙaƙe cikin buhu zai sha tambayoyi wajen jandarma kafin ya gamsar da su cewa na tarihi ne. Wanda zai motsa irin wannan kaya, ya fara sanar da mai gari. In kuma abin da aka tono tsohon harsashi ne ko gurneti, wannan ba na ajiya ba ne ba kuma na gwangwan ba, kada a taɓa, a kira hukuma.

Mu dubi yadda wasu ke wahalar maido abin da ya fita. Wani rahoto da aka miƙa ma shugaban Faransa a 2018 ya ce akwai kayan tarihin Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin ƙasar. A watan Nuwamba 2019, firaministan Faransa Edouard Philippe ya je Dakar da kanshi ya miƙa ma shugaba Macky Sall takobin da ake danganta shi da Alhaji Umaru Tal, wanda ya yi sama da shekara ɗari a hannunsu, kuma sai da majalisarsu ta yi doka a 2020 kafin ya zama na Senegal dindindin. Takobi guda fa. Shi ma ruwanshi ƙirar Faransa ne, mariƙin da kuben ne na Afirka, kamar dai namu. Wancan da ƙarfin bindiga aka tafi da shi, shi ya sa ake da bakin cewa a maido. Wanda muka miƙa da hannunmu muka karɓi jikka biyu ko uku, da wane baki jikokinmu za su nema?

A kusa da mu ma akwai darasi. A fadar Katsina har yau ana adana Gajere, takobin da ake danganta shi da Korau, kuma yana cikin kayan sarautar gidan. A Daura ana nuna wanda ake cewa da shi Bayajida ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. In da nauyin ƙarfe ake bi, dukansu biyu ba su cika sikelin ɗan gwangwan ba. Abin da ya tsare su shi ne an riƙe sunansu, kowane tsara ya gaya ma na bayanshi. Na gidan talaka ma haka yake buƙata, ko da labarinshi bai wuce zaure guda ba.

Akwai masu cewa, a wannan zamani da makami ya hana mu barci, me ya kai mu girmama wuƙa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu ɗauke ta da wasa ba. Ba duk abin da takubban nan suka yi ne abin alfahari ba. An ƙone garuruwa da su, an raba uwa da ɗa, an kama mutane an saida. A cikinmu akwai jikokin waɗanda suka kai hari, akwai jikokin waɗanda aka kai ma, yau kuma surukan juna ne, kasuwa ɗaya suke ci, daga nan har Jibiya da Katsina. Don haka ne ma muke son a adana su tare da labarin gaskiya, mai daɗi da marar daɗi. Yaron da aka nuna ma wuƙa mai walƙiya, sha'awa za ta ba shi. Wanda aka nuna ma mai giɓi, aka ce mashi su bakwai suka tafi daga garin nan mutum biyu suka dawo, ɗayan ma bai ƙara barcin kirki ba har ya mutu, wannan yaron ya koyi wani abu game da yaƙi da ba a koyarwa a aji.

Saboda haka muna da roƙo. Ga masu garuruwa da hakimai, a sa ido kan baƙin da ke bi gida-gida, a san su, a san inda suke kai kayan. Ga hukumar kwaminmu, ko ɗaki guda ne da akwati mai makulli da littafin rajista, inda iyali za su iya kawo nasu ajiya da sunansu, ba kyauta ba, amana, su karɓa ranar da suka so. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, ya yi ma tsohuwar ƙauye nisa, amma nan kusa za ta iya zuwa ta ga addar mijinta. Ga malaman lakwal, a ba yara aikin hutu, kowa ya je ya rubuto labarin tsohon abu guda na gidansu. Ga maƙera da masu injin washi, ku ne ƙofar ƙarshe. In yaro ya kawo maku ƙarfe kuka ga tambari ko rubutu a gindinshi, ku dakata, ku ce ya je ya zo da babba. Kuɗin washi guda za ku rasa, ladar kuwa mai yawa ce.

Ku kuma ƴan uwa da ke nesa, in kun kira gida wannan satin, bayan an gama gaisuwa da batun damina, ku tambaya ko takobin nan na ɗakin baba yana nan. In yana nan, ku ce a ɗiga mashi mai, a ɗauke shi daga ƙasa, a kuma kai ma tsohuwa salula ta faɗi abin da ta sani.

Allah ya jiƙan mazan jiya, na kowane ɓangare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a Gabi da ƙasa baki ɗaya, yadda wuƙa ba za ta ƙara fita kube ba sai don yankan ragon suna da na layya.